Kwamfutocin Garejinka Na Wane Ne?

Assalamu alaikum, Baban Ummi.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma takarda ba ta dame ka ba, sai abin da ya fito a allon kwamfuta. Amma kaina ya ɗaure, kuma kai ka ɗaure shi.

Na fita takaba. Yara sun matsa in bar gidan McLeansville, wai ya yi mini girma. Ummi ta samo mini ɗaki biyu da falo kusa da Wendover, na yarda. Saura garejinka.

Malamin da ya zo rabon gado ya ce kafin a raba komai sai an fitar da amanar mutane. Ya tambaye ni ko tsofaffin kwamfutocin nan na gareji naka ne. Duk shekarun nan ina gifta su, ban taɓa tsayawa na tantance ba.

Ka tuna farkon zuwanmu ƙasar Turawan nan, da ka shiga kulob ɗin masu kwamfuta? Na faɗa wa Hajiyata a waya cewa kowace Asabar kana kulob, ta yi salati ta ce a fara maka addu'a. Da ƙyar ta yarda ba gidan rawa da giya ba ne, wasu Turawa ne masu tabarau ke taruwa a garejin ɗayansu a Summerfield, suna kwance inji suna ɗaurawa. Ni kaina ban ga abin daɗi a ciki ba. Ka fita da akwati ɗaya, ka dawo da wani daban. Ka jona kwamfuta da wayar gida tana kuka kamar gyare, ni kuwa ina jiran kira daga Kano. In na yi mita ka ce wannan na Harold ne, wancan na Dale, aro ne, za a mayar. Aron nan tare muka tsufa da shi.

Na sa ɗanka Abba ya nemo 'yan kulob ɗin. Biyu suka rage, Dale da Walter, kowa da sandarsa. Dale ya buɗe kwamfuta guda ya nuna mini: allon na Harold ne, wajen sa faifai na wata Ruth, kayan cikin na Walter, haɗin kuma naka. Harold da Ruth sun rasu. Walter ya ce shi ma a hannun wani ya karɓa, ya manta ko wane ne. Wai a kulob ɗinsu ba a cewa nawa ne. Mai buƙata ya ɗauka, in ya gama ya miƙa gaba. Suka ce in riƙe, suka share hawaye, suka ci cincin suka tafi.

To yaya ke nan? Kai ka ce aro. Su sun ce ba aro ba ne, kuma ba kyauta ba. Malam ya ce in an rasa mai abu a yi sadaka da shi a madadinsa. Wa zan ba? Abba ya ce ba mai so, a kai wajen zubar da kayan lantarki, ya faɗa da Turancinsa kamar ba komai. Ni kuwa tsoro nake ji kada in jefar da haƙƙin wani ya bi ka har makwancinka. Ka bar ni da kayan da ba su gaduwa, ba su bayuwa, ba su zubuwa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk mitar da nake yi, ina son yadda kake dawowa daga wajensu kana fito. A ƙasar nan su ne suka fara iya faɗin sunanka daidai, na lura, ban dai nuna ba.

Masu kwashe kaya za su zo ran Litinin. Na ce su ɗora kwamfutocin duka, ɗakin da Ummi ta ware wa baƙi su za su zauna a ciki. Ta yi fushi. Ban sani ba ko daidai na yi, wallahi ban sani ba. Yadda al'amarin can yake, Allah kaɗai ya sani. Amma in ana haɗuwa, ka fi ni kusa da Harold da Ruth. Ka roƙe su gafara da kanka, ka ce musu kayansu na hannuna, ina share musu ƙura.

Allah ya haskaka kabarinka. Sai na zo.

Taka,
Maman Ummi