Alewar da Na Riƙa Aiko wa Auta

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Na ji ƙafar Baba ta yi sauƙi, Inna kuma tarin bai sake ta ba, Allah ya ba ta lafiya. Ni ƙalau nake. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girmana na koya.

Yaya, ki yafe mini faɗan da na yi miki a waya. Da na ga hoton 'yata Auta haƙoranta na gaba sun yi baƙi, sai na ce ba kya kula da ita. Jiya na raka yaron da nake reno wurin likitan haƙori. Na nuna wa likitan hoton, na ce ai na yarinta ne, za su zube. Ya ce ruɓarsu tana iya taɓa masu fitowa. Sai ya tambaya, "Wa ke ba ta zaƙi haka?" Na kasa ɗaga kai. Ni ke cika kowane saƙo da alewa, ni na ce duk sanda ta yi kukan nemana ki ba ta ɗaya. Ga shi safe da yamma ina goge bakin ɗan wasu, har da waƙa.

Don Allah ki kai ta asibiti. Ga buroshi da man goge baki nan. Alewar kuma ki ɓoye. In ta yi kuka ki goya ta, ki ce mata ni ma ina yi.

Ki ba ni amsa kafin Juma'a ta sama, in san ko tana iya tauna abinci.

Ƙanwarki.