Tamostat Mai Lamba Saba'in da Biyar

Aliero, ranar Litinin

Zuwa ga Murjanatu, uwar Hidaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da jaririyarmu. Yaya ruwan zafi? Ki gaishe min da Inna da mutanen Karaye baki ɗaya.

Kin ji Baffa Shehu, ƙanen Baba, yana kwance a Mungadi. Jikin ya yi nauyi, har ya aiko yana son ganin Baba. Kin kuma san halin surukinki: in ba a tsohuwar Fijonsa ba, ba ya shiga motar kowa, wai jiri take sa shi. Ga motar kuwa ta shekara arba'in, kwana biyu tana tafasa.

Makanike ya ce tamostat ne ya mutu, wato ɗan murfin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi. Na tafi Jega saye, aka zube min guda uku, kowanne da lambarsa: 75, 82, 88. Ni da na tashi cikin albasa, inda babba ita ce ta gaban buhu, ban tambayi kowa ba na ɗauki 88. Da hannuna na ɗaura, ina jin kaina gwani.

Jiya muka kama hanya da hantsi. Ko Jega ba mu shiga ba allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe gaban motar. Baba bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zauna gindin dogon yaro yana jan carbi, yana duban hanyar Maiyama. Wallahi tsoro nake ji, Murja, kada rai ya yi halinsa kafin su gana, ya zama ni ne sanadi.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Sanusi

Aliero, ranar Alhamis

Zuwa ga Murjanatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan cibiyar Hidaya ta warke, ke ma kina samun barci.

Ki kwantar da hankalinki, mun je mun dawo.

Ranar Talata aka ja motar zuwa garejin Oga Moses a Jega, wani tsoho da ya yi furfura a ƙarƙashin irin waɗannan motoci. Da ya ciro abin da na ɗaura, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe lambar ba ta ƙarfi ba ce, zafin da ruwa zai kai ne kafin murfin ya buɗe. Mai 88 na ƙasashen sanyi ne. A ranarmu ta nan, da tsohon lagireto irin na Baba, kafin ya buɗe injin ya riga ya dahu.

Bai bar ni da baki kawai ba. Ya ari tukunya wurin mai shayi, ya sa aka kawo mai 75 da mai 82, ya haɗa da nawa ya ɗaure ukun da waya, ya tsoma su a ruwa tare da ma'aunin zafi, muka tsuguna muna kallo kamar masu jiran ƙwai ya dahu. Mai 75 ne ya fara buɗe baki. Nawa kuwa sai da ruwan ya kusa tafasa ya ɗan motsa, yana yanga. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai! Oga Moses ya kuma auna faɗin mai 75 ɗin da mazauninsa, ya duba injin bai ƙone ba, sannan ya ɗaura. Ki yi dariyarki ki more, na ba ki izini.

Jiya da tsakar rana muka bi ta Maiyama, idona ɗaya a titi ɗaya a allura. Ta tsaya cak a tsakiya har Mungadi. Ban tsaya Karaye ba don Baba ya ƙagu, ki yafe min.

Mun sami Baffa ya kwana uku bai yi magana da kowa ba. Matarsa ta ce tun muna bayan masallaci ya ji ƙarar injin ya buɗe ido, ya ce a tayar da shi zaune, ga motar Yaya nan. Baba ya shiga ya riƙe hannunsa, suka daɗe a haka. Ni kam fita na yi, na jingina da motar na yi kukana, na gode wa Allah.

Ki shafa min kan Hidaya. Ina kewarku ƙwarai.

Naki har kullum,
Sanusi