Inna, Na Je Sunan Takwararki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan rahamar Ubangiji tana tare da ke a makwancinki na Zoza. 'Yarki Hadiza ce, daga Karaye.

Inna, shekarata bakwai da aure, kuma har yau shiru. Kin rasu a ta uku, ba ki ga yadda na koma ba. Duk wata in al'ada ta zo, sai in rufe shagon ɗinkina in kwanta kwana biyu. Abinci ma sai surukinki ya yi da gaske nake taɓawa.

Bara muka je asibiti tare. Aka duba mu duka, ba a ga abin da ya hana ba, sai dai jinina ya hau. Wata dattijuwar nas ta ba ni shawarar in riƙa tafiya a ƙasa kullum ina kuma hutawa, ta ce min, "Tafiyar ƙasa ba ta ba da ɗa, Allah ke bayarwa. Amma ɗakin da ake jiran baƙo ba a barinsa ya rushe."

Washegari da gari ya waye na zura hijabi da silifas, na kama hanyar Turawa. Ban wuce gonar rake ta farko ba na zauna ina haki. Surukinki ya tsaya a kaina da gorar ruwa, masu babura suna wucewa suna kallonmu, kunya duk ta kama shi. Amma bai juya ba, Inna. Yanzu sai mun kai wata babbar ɗorawa muke dawowa, wani lokaci ma shi ke cewa in rage sauri.

Bayan la'asar nakan bar keken ɗinki, in kashe waya, in shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ina jan numfashi a hankali ina salati. Ke kike cewa, "Tukunyar da ba a saukewa ƙonewa take yi." Sai yanzu na ji maganar.

Makon jiya ƙanwata Zainabu ta haihu a Beli, mace, aka sa mata sunanki. Rabona da gidan suna shekara uku, amma na je. Ni na ɗinka wa jaririyar kaya. Da aka miƙo min ita, kowa ya zuba min ido yana jiran hawayena. Goggo Asabe ta ce, "Allah ya kawo naki, Hadiza." Na ce amin da ƙarfi, na gyara wa yarinyar hula, na goya ta har aka watse. Da kina nan, da kin yi guɗa.

Ina nan ina jira, Inna, amma a tsaye nake jira.

Allah ya haskaka kabarinki, ya raya takwararki, ya ba ni rabona a lokacin da ya fi alheri.

Taki har kullum,
Hadiza