Ƙarfen da Ka Koya Min Cirewa

Ƙanena bakanike,

Shekara tara ina aiko maka wasiƙa, kai ko uffan. Duk da haka ina gaisuwa. Yaya iyali a can gida Nijeriya? Ƙafar ƙanwarmu ta yi sauƙi?

Ni lafiya lau, sai dai sanyin ƙasar nan. Tsohuwar motar dizal da nake kai kaya da ita, hitarta mai ɗumama cikin mota iskar sanyi take hurawa, yatsuna ba sa jin sitiyari. Na kai wa wani bakanike, ya ce, "Baba, wa ya cire ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafi?" Na ce ni ne, ƙanena ya koya min, kuma ya fi ka sanin mota. Ya yi ta dariya, wai dabarar ƙasar zafi ce.

Na hana shi mayarwa, na ce sai na ji daga bakinka. Tari ya ɗan kama ni, amma ba wani abu ba ne.

Allah ya yi muku albarka. Ka amsa min, a mayar ko a bari? Ko zagi ne ka rubuto, in dai ga rubutunka.

Yayanka