Sunan da ban raɗa masa ba

Agege, daren Laraba, daminar 2000

Yau wasu samari biyu 'yan jami'a suka zo neman Kwamanda. Ina cewa babu mai wannan suna a gidan nan, sai ga ɗana Habibu ya fito da sauri. Ko rusunawa ba su yi ba, hannu suka miƙo mini.

Da na tambaye shi ya ce, "Baba, ƙungiyar ɗalibai ce kawai, ai soja sun tafi." To me ya sa tun da ya dawo hutu bai yarda ya tuɓe riga a tsakar gida ba, ko wani tabo yake ɓoyewa? Ga maganar 'yan ƙungiyar asiri ko'ina.

Ni mahauci ne, na san ba a raɗa suna sai an zubar da jini. Habibu rago na yanka masa. Kwamanda fa, me aka yanka?