Kada a Haƙa Rijiya Bisa Ramin Inna

Zuwa ga ƙanena Dikko a Kumasi. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, gero ya yi, ɗiyata Zinariya ta haifi namiji. Malam Salisu na lakol, makarantar boko, ke rubuta mini, na ce kada ya gyara mini magana.

Dikko, shekara arba'in da takwas ke nan da yunwar Kakalaba. Ka tuna ramin da muka gina gabas da tsamiya, lokacin da agana ta biyo yunwa, muka rasa ƙarfin yi wa kowa kabarinsa. Mutum talatin da ɗaya muka sa ciki, har da Inna. Manya suka ce kada a noma wurin, kada kuma a ƙara zancensa. Muka riƙe, har 'ya'yanmu suka tashi ba su san dalili ba.

To, bana mutanen buro, ma'aikatan gwamnati, sun zo, sun ce yanzu mulki namu ne, za a yi mana rijiyar siminti, mata su huta da tafiya Gangara ɗibar ruwa. Suka tambayi inda ba gonar kowa. Iro mai gari, yaron jiya, ya nuna musu gabas da tsamiya, suka kafa turke. Ina zaune nan. Suka ce ko akwai mai magana, ni kuwa tun zamanin Nasara bakina ya saba da "mun gode" gaban mai wando na hukuma. Shi na faɗi.

Tun ran nan hankalina bai kwanta ba. In suka taɓo ƙasusuwan nan, me jikokinmu za su sha? Wa ya sani ko agana na kwance tana jira? Na gaya wa Iro, ya ce in na tayar da magana za a kai rijiyar wani gari, matan garin nan kuma ba za su yafe mini ba. Jibo maƙwabcina ya ce zamanin nan mai cewa a'a ɗan adawa ake kiransa, jandarma su zo su ɗauke shi. Tala, matata, cewa ta yi tsufa ne ke damuna. Tsoro nake ji ƙwarai, ban ɓoye maka ba.

Duk waɗanda muka yi ginin nan tare sun rasu, saura ni da kai. Ka aiko da takarda ka shaida, ko a daina cewa Barmo ya ruɗe. Na san kafin ta zo sun yi nisa, don jibi magina za su fara.

Ka gaishe da Husaina da su Amadu, Tala na gaishe ku. Gobe in na yi sallar asuba zan ɗauki buzuna in shimfiɗa jikin turken nan, in zauna. In babban nasu ya zo, zan kira masa sunayen talatin da ɗayan nan, in nuna masa fadamar yamma inda ruwa ke kusa. In kuwa sai nan za su haƙa, su fara ɗaga ni.

Wanka,
Barmo