Garwashin Dado

Falanko, ranar Laraba

Zuwa ga maigidana Malam Sahabi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da yara da mutanen gida. Na iso lafiya, na tarar da Inna ƙalau, in ban da idanun nan nata da hayaƙi ya cinye.

Aikin da lakwal, makarantarmu, ta ba ni yana tafiya. Ka san littafin karatun 'yan aji biyu nake tara wa kalmomin murhu, tunda yaranmu kowa da bakin garinsu: wannan ya ce icce, wancan itace, wani ya hura wuta, wani ya hasa. Inna ta ce in bar ta ta huta, in jira Dado, tsohuwar maƙwabciyarta da ke zuwa ɗibar wuta kullum da safe. Ai kuwa tsohuwa ta cika mini kaye, littafin rubutuna. Ta rarrabe mini ƙirare da yayi, ta ce yayi shi ne tarkacen ciyawa da ake fara kamawa da shi. Ta nuna mini kandilon shanu, busasshen kashinsu da ake hura wuta da shi, ta ce in daina haɗa rushi da garwashi kamar 'yar birni. Mun sha dariya, ta shanye kununta, ta ɗauki wutarta a kasko ta tafi.

Murhun gaz ɗin da na kawo wa Inna na haɗa shi. Da kyar Inna ta yarda, amma ka san ni da kafiya. Na kwashe duwatsun murhun, na share tokar. Dado kuma na ba ta kwalin ashana guda, na ce ta huta da zirga-zirga. Ta karɓa, ta sa mini albarka.

Matarka,
Zuhaira

Falanko, bayan kwana tara

Maigida,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Yaya tarin Hadiza? Ka yi haƙuri, ba zan dawo jibi ba. Na yi ɓarna.

Tun ranar nan Dado ba ta sake shigowa ba, ni kuwa har ina yabon kaina. Inna ta riƙa dama kunu kamar na mutum uku, ana zubar da saura, ina yi mata faɗan almubazzaranci. Jiya ta gaji da bakina ta gaya mini. Shekara shida ke nan Dado ba ta da mai noma mata. Ba ta roƙo, ba ta karɓar kwanon kowa. Amma wanda ya zo ɗibar wuta ya tarar ana karyawa, a ce bismilla, ai ba bara ya yi ba. Kunun nan shi ne abincinta na yini. Duk unguwa ta sani, sai ni mai kaye da biro.

Na ruga gidan Dado. Ta tarbe ni da fara'a, ta tambayi littafi, har ta ƙara mini kalma biyu. Ina rubutawa na dubi murhunta, sai ga kaza ta yi ƙwai a cikin tokar. Malam, kaza ba ta ƙwai a inda ake hura wuta. Na kasa gama rubutun.

Na kai mata tuwo, ta ce ta ƙoshi. Na mayar da duwatsun murhu da hannuna, na tsinto ƙirare, na hura wuta har hayaƙi ya tashi sama yadda za ta gani ta kan danga. Ka taya ni addu'a.

Taka,
Zuhaira

Falanko, ranar Lahadi, bayan wani kwana tara

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonka. Ka ce da niyyar alheri na yi. Na gode, amma bai rage mini komai ba.

Kwana uku wuta tana ci a murhu, Dado ba ta zo ba. Inna ta ce ba za ta zo ba, don mai ashana a ɗaki ba ta da dalilin shiga gidan wani da kasko, kuma yanzu ta san na gane. Wani ya aika wa ɗan ƙanen Dado, Attahir, a Tarka cewa tsohuwa ta rame, shekaranjiya ya zo da amalanke. Da can sau uku tana ƙin bin sa, wannan karon ita ta ɗaure kayanta.

Ta shigo sallama. Ta ce in gaida mijina, in kuma rubuta kalmomin daidai kada yara su koyi shirme. Na durƙusa na nemi gafara, ta tambaye ni ta me. Ita da Inna suka riƙe hannun juna. Shekara arba'in suna danga ɗaya.

Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Yau da safe na ga ta auna gari, ta tsaya, ta mayar da rabi cikin ƙwarya.

Ina nan tafe ranar Talata in Allah ya yarda. Ka gaida yara.

Matarka,
Zuhaira